Ku Tambaya, Mu Amsa: fim ɗin cin amanar nan da ya hana shayi dahuwa a fada

Wasiƙun wannan karon kusan duk magana ɗaya suke yi: fim ɗin nan mai dogon zango da ake saki a YouTube duk mako, wanda samari ke gardama a kansa a fada, mata kuma ke ɗauko zancensa a gidan biki. Ba za mu kama sunansa ba, kar a ce talla muke yi ko ɓatanci. Ga wanda bai gani ba: wani Alhaji ne ɗan kasuwa ya shiga neman aminiyar matarsa a ɓoye, wata bazawara. Uwargida ta gane ta haɗiye, sai ga tsohon saurayinta ya dawo yana hure mata kunne ta waya. Alhaji ya ga saƙonnin, ya tara dangi ya kira ta mazinaciya, ya sake ta, ya ce cikin da ke jikinta ba nasa ba ne. Kashi biyu bayan nan sai ga ta amarya a gidan tsohon saurayin, cikin bai ko sauka ba, shi kuma ya koma jibgar ta. Wani marubucin labarin fim da wani mai haɗa hoto ne suka amsa tambayoyin, wani malamin fiƙihu ya duba abin da ya shafi shari'a.

Tambaya: Ni da maigidana mun kasa shiryawa kan fim ɗin ga. Shi ya ce wa'azi ne, yana buɗe ma mutane ido. Ni na ce koyar da ɓarna ne tsagwaronta. Wa ke da gaskiya? (Maman Hanifa, unguwar Zariya, Maraɗi)

Amsa: Hajiya, ba sai kun yi ta ja-in-ja ba, abin ana auna shi. Ki ɗauki takarda ki raba ta biyu, ki ajiye agogo kusa. A gefe ɗaya ki rubuta mintocin da aka ba daɗin cin amanar: hira a mota, kyauta, waƙa, dariya. A ɗaya gefen ki rubuta mintocin da aka ba abin da ta jawo: yaron da aka manta ɗauko shi daga lakwal, shagon da ya fara ramewa, uwar Alhaji da ta daina fita suna don kunya. Kashi uku kawai za ki kalla ki ga inda ma'aunin ya karkata.

Kuma ba minti kaɗai ba ne. Zuciyar mai kallo abu uku take bi: wanda kyamara ta matso kusa da fuskarsa, wanda aka ba waƙa, da wanda ya yi maganar ƙarshe kafin a yanke fitowa. A wannan fim duka ukun bazawarar aka ba. Ana ɗaukar ta daga kusa, da haske mai laushi ta gefen taga, kiɗa yana tashi a hankali. Uwargida kuwa daga nesa ake hango ta a madafa, da ɗankwali a karkace, tana faɗa. Ko da marubucin ya rantse wa'azi yake nufi, hoton ya riga ya gaya wa ɗan kallo wace ce abar so. Tuban da aka cusa a minti biyar na ƙarshe, da hatsarin mota da gadon asibiti, ba zai wanke abin da aka yi makonni ana shafawa ba.

To amma maigidanki bai yi kuskure gaba ɗaya ba. Taɓa irin wannan zance ba laifi ba ne, kuma ba yau aka fara ba. Fim ɗin Oumarou Ganda, Le Wazzou polygame, wanda ya ci babbar kyautar FESPACO, bikin fina-finan Afirka, a Wagadugu a 1972, labarin wani alhaji ne da ya auri yarinyar da aka riga aka yi wa wani alkawarinta, kishi ya kai har ga zubar da jini. Can ɓarnar ce ginshiƙin labarin. A nan kuwa ado aka yi da ita.

Tambaya: Don Allah mi ya sa ba su gama labari? Mutum ya sa kuɗinsa ya sayi data, a ƙare kashi guda ana gaisuwa da shiga mota da fita mota. (Sani mai kabu-kabu, Bagalam)

Amsa: Kuɗi ne, Malam Sani. Da can furodusa kaset ko faifai yake sayarwa, dole ya ƙulle labari a kashi ɗaya ko biyu. Yanzu talla ce ke biya. YouTube ba ya fara raba kuɗin talla da tasha sai ta tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin wata 12, kuma sai bidiyo ya kai minti 8 ake iya saka masa talla a tsakiya. Wato duk mintin da ka zauna riba ce, ko an faɗi wani abu ko ba a faɗa ba. Shi ya sa labarin da kashi 10 zai ishe shi ake ja har ya kai 40. Da yawa ma ba a gama rubutun ake fara ɗauka: a saki kashi biyar, a leƙa abin da masu kallo ke cewa, in an ga bazawara ce ke jan jama'a sai a ƙara mata fitowa. Daga nan zaren ke kuɓucewa, har marubucin ya manta wata nawa cikin uwargida ya yi.

Tambaya: Abin da ya dame ni shi ne auren da aka ɗaura wa matar da ciki, da yadda mijin ya kore cikin da bakinsa kawai. Haka shari'a ta ce, ko dai fim ne? Yaranmu suna kallo suna ɗauka haka ake yi. (Wani dattijo daga Tibiri)

Amsa: Baba, Allah ya ƙara girma. Fim ne kawai, kuma kurakuran sun fi wanda ka ƙirga.

Mace mai ciki iddarta haihuwa ce, kamar yadda ya zo a aya ta 4 ta Suratuɗ Ɗalaƙ, ko saura kwana ɗaya ko saura wata takwas. Auren da aka ɗaura kafin nan ɓatacce ne, raba shi ake yi. A mazhabar Malikiyya da muke bi, idan har ya tare da ita cikin iddar, ta haramta gare shi har abada. Fitowa fili a nemi aurenta ma cikin idda haramun ne. Saboda haka wancan biki da aka yi da kiɗa da anko, a zahiri babu limamin da ya san aikinsa da zai ɗaura shi.

Sai tuhumar. Saƙon waya, ko da na soyayya ne ƙarara, ba shi ne shaidar zina ba. Zunubi ne, kuma dalili ne na zama a yi magana, amma zinar matar aure ba ta tabbata sai da iƙirarin mai ita ko shaidu huɗu adilai da suka gani da idonsu. Wanda ya jefi mace da wannan kalma bai kawo huɗun ba, aya ta 4 ta Suratun Nur ta yanke masa bulala 80 kuma an daina karɓar shaidarsa. Miji shi kaɗai aka ba wata ƙofa, li'ani, a ayoyi na 6 zuwa 9 na wannan surar: a gaban alƙali zai rantse sau huɗu cewa gaskiya ya faɗa, na biyar ya ce la'anar Allah ta tabbata a kansa in ƙarya yake. Ita ma ta rantse sau huɗu cewa ƙarya yake, na biyar ta ce fushin Allah ya tabbata a kanta in gaskiya ya faɗa. Daga nan an raba su, ba kome har abada, kuma ba a danganta masa ɗan. Malamanmu sun ƙara sharaɗi ga mai kore ciki: sai ya ce ta yi jini bayan kusantarsa ta ƙarshe kuma bai sake kusantar ta ba. Alhajin fim bai je gaban alƙali ba, bai rantse ba, bai yi da'awar komai ba, ihu kawai ya yi a tsakar gida. To ɗa nasa ne, domin hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito ya ce ɗa na mai shimfiɗa ne. Ciyar da ita har ta haihu, da ragon suna, duk suna wuyansa.

Shi ma tsohon saurayin ba a bar shi ba. Hadisin Abu Dawud ya ce wanda ya lalata mace ga mijinta ba ya cikinmu, kuma malaman Malikiyya sun ce idan ya aure ta bayan ya kashe mata aure, a warware auren.

Abin da ya fi ba mu haushi, wanda babu ko wasiƙa ɗaya da ta ambata: Alhaji shi ne ya aikata abin da yake tuhumar matarsa da shi, amma har aka watse daga taron dangi babu kawu ɗaya da ya tambaye shi.

A nan Nijar irin wannan rigima tana farawa ne daga waliyyai, ta je wajen mai unguwa ko liman ko fadar sarki don sulhu, in ta gagara ta kai kotu, inda alƙali ke zama da masana al'ada. Wanda kuma ya kwaikwayi Alhaji ya watsa hotunan saƙonnin matarsa a WhatsApp, ya sani akwai dokar laifukan intanet ta 2019, kuma ɓata suna ta waya yana cikinta.

Tambaya: Gaskiya ne ƴar wasan da ta fito a bazawara haka halinta yake? (Ba suna)

Amsa: A'a, ƴar'uwa. Takarda aka ba ta ta haddace. In kin ji kin tsane ta, ta iya aikinta ne.

Tambaya: Ina karatu a Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo, ni da ƙawayena muna son yin gajeren fim kan cin amanar aure. Yaya za mu nuna abin ba tare da batsa ba, kuma kar mu faɗa ramin da wannan ya faɗa? (Nana, Ali Ɗan Sofo)

Amsa: Ƙanwata, ki fara da tambayar da marubucin wancan fim bai yi wa kansa ba. A ƙasar da namiji ke da damar auren huɗu, me ya hana Alhaji aiko da goro a ɗaura masa aure da bazawarar? In ba ki da amsa, ba ki da labari. Wataƙila jarin shagon na mahaifin uwargida ne. Wataƙila ba aurenta yake so ba, ɓoyon ne ke masa daɗi. Ki zaɓi dalili ɗaya ki nuna shi tun kashi na farko. Haka ita ma wadda ake cuta: ki ba ta sana'a, da dariya, da wani kuskure nata, kar ta zama injin kuka.

Kafin ki rubuta hira ko ɗaya, ki zana kalandar labarin a bango: ranar saki, watan ciki, ranar da idda za ta cika, azumi da salla in sun faɗo ciki. Ki kai wa malami ya duba. Aikin yini ɗaya ne, amma shi zai hana ki aurar da mai ciki.

Wajen rubutu, shafi ɗaya kusan minti ɗaya ne a hoto, don haka fim na minti 20 shafi 20 ne, fitowa 12 zuwa 15. Ki tsaya kan manyan ƴan wasa huɗu ko biyar da wurare uku: gida, shago, da mota. Ba a ɗauka bi da bi yadda labari ya tafi. Duk fitowar da ke cikin gida a gama ta a tashi ɗaya, sannan a koma shago. Nan ne ake yin kwaɓa, sai a ga lalle a hannun uwargida a falo, ta leƙa ƙofa ya ɓace. Ki sa mutum ɗaya ba shi da aiki sai ɗaukar hoton kaya da ɗauri da lalle na kowace fitowa da waya. Sauti kuma ya fi hoto kashe fim: ki kai janareta nesa ki jawo wuta da doguwar waya, ki kashe fanka lokacin ɗauka, ki guji gidan da ke bakin titi ko kusa da injin niƙa.

Batun batsa kuwa, masu fim na Kano sun daɗe da warware shi, tunda Hukumar Tace Fina-finai da aka kafa a 2001 ba ta yarda namiji da mace su taɓa juna a hoto ba. Abin da aka hana kyamara gani, kayan gida ne ke faɗarsa. Ga misali da ɗauka uku. Ta farko: uwargida ta shiga gaban motar mijinta, ƙafarta ba ta kai inda ta saba ba, an matsar da kujera baya. Ta biyu: hannunta daga kusa, ta jawo kujerar gaba, ta tsinci ɗan kunne guda a ƙasa, irin wanda ita da kanta ta saya wa aminiyarta. Ta uku: fuskarta, daƙiƙa biyar cur, ba kiɗa, shi yana ta zancen farashin aya a kasuwa. Ta sa ɗan kunnen a jaka ta ce, "Alhaji, ka tsaya mu sayi burodi."

Kar ki sa waƙa a nan. In kuɗinku ya kai waƙa ɗaya tak, ku tuna tana cin kusan yini guda na ɗauka, ku ajiye ta ga uwargida, bayan ta koma gidan iyayenta.