Amsa ga Nura kan harsashin bindigar ɗuri

Assalamu alaikum jama'ar gida. Nura ƙanina, tun da safe na saurari muryarka, ina wajen aiki ne shi ya sa sai yanzu. Wato ka ce ka sayo 'yar ƙaramar bindigar ɗuri ta hannu, mai baki ɗaya, kaliba .50 (wato faɗin ramin bututunta rabin inci ne), irin wadda ake ɗora wa hular da ke ba da wuta, ka shiga shago a nan Amurka ka ce a ba ka harsashinta kwali guda, mai shago ya tsare ka da tambayoyi, wane ƙwallo, wane kauri, wane albarushi, har ka fito ba ka sayi komai ba. To wallahi gara da ka fito hannu rabbana.

Ka ga wannan bindigar, ba ta da harsashin da ake ɗaukowa a kwali a zura. Kai ne za ka haɗa harsashinka, a cikin bututun, duk harbi. Albarushi, ƙwallon dalma, ƙyalle, sai 'yar hular tagulla da ke ba da wuta. Dangin harba-ka-ruga ce ta maharbanmu, dangin ta 'yan bindigar Sarki da ke cika gari da hayaƙi ranar hawan sallah. Sai dai su can tafin hannu ne mudunsu, kai kuwa ban yarda ka auna komai da ido ba.

Bari in fara da ƙwallon, don nan mai shagon ya ruɗa ka. Bindiga .50 ba ta cin ƙwallo .50, ka ji abin mamaki ko? .490 za ka nema, wato ya ɗan gaza faɗin bututun, ƙyallen ne zai cike giɓin. Ka fara da ƙyalle mai kaurin .015 na inci. In ka lissafa, ƙyallen ya bi ta nan ya bi ta can, .030 ke nan a kan .490, ya zama .520, ya fi bututun. To wannan rarar ita ce take matsewa ta shige cikin tsagin nan da aka murɗa a cikin bututu, ta kama ƙwallon ta juya shi, ta kuma hana iskar wuta zurarewa ta gefe. Da a ce taka .45 ce, da .440 za ka saya. Hornady na sayar da su ɗari-ɗari a kwali. Kuma dalma zalla, mai laushi, wadda in ka danna farce za ta nuna shaida. Dogayen harsasan nan masu rigar roba da za ka gani a rataye kusa da su, ka wuce su, na masu farautar barewa ne da dogayen bindigogi. Balle ƙwallon boris ko guntun ƙusa da muka taso muna gani ana ɗurawa a ƙauye. Ƙarfe yana cinye tsagin, kuma in ya daki abu mai tauri yana iya dawo maka.

Ƙyallen nan, kada ka raina shi. Ni a wajena shi ne malamin. Auduga zalla ko lilin, ban da mai haɗin roba, don narkewa yake ya manne a ciki. In kana shakka ka kanga wa gefensa ashana, in ya zama toka auduga ce, in ya dunƙule ya yi ƙwallo ka jefar. Sai ka shafa masa mai, amma ba man inji ba, man inji in ya haɗu da tokar albarushi kamar kwalta yake zama. Kakin zuma da kitse ake haɗawa, wasu yawu kawai suke sawa in nan take za su harba. Ni har man kaɗanyar Hajiya na taɓa sata na gwada, ya yi aiki, sai dai faɗan da na sha ya fi ribar. Kai dai sayi yankakku masu mai a jiki tukuna.

To ga inda nake son ka buɗe kunne. In ka yi harbi biyar a filin harbi, aka ba da izinin shiga gaba, ka duba ƙasa 'yan taku kaɗan daga inda ka tsaya, za ka tsinci ƙyallayenka. Ɗauko su ka duba. In tsakiya ta yi baƙi-baƙi amma babu huda, gefe ya ɗan zare kawai, to haɗinka ya yi. In ka ga ya ƙone ya huje, wuta na wucewa ke nan, ko ƙyallen ya yi siriri ko man ya yi kaɗan, sai ka koma .018. In kuma sai ka yi kokawa kana dukan sanda kafin ƙwallon ya sauka, ka sauko .010. Bindiga biyu daga kamfani ɗaya, rana ɗaya aka ƙera su, kowacce da abin da take so. Ba wanda zai faɗa maka na taka daga cikin shago.

Albarushi kuma. A jikin gora za ka ga F, F, yawan F ɗin shi ne laushin garin. Fg tsaki ne, na manyan bindigogi da igwa. FFg na dogayen bindigogi masu faɗin baki. FFFg shi ne naka. FFFFg kamar kwalli yake, wannan na kaskon bindiga mai ƙanƙara ne, inda tartsatsi ke faɗawa, ba a ɗura shi a bututu. Na ainihin akwai Goex, akwai Swiss, akwai Schuetzen. Yana wuyar samu a ƙananan shaguna saboda dokar ajiyarsa tana da tsauri, shi ya sa za ka fi cin karo da madadinsa. Pyrodex P yana yi a bindiga mai hula irin taka, mudu da mudu yake da na ainihin. Triple Seven ya fi zafi, ana rage kamar kashi 15 cikin 100. Mai ƙanƙara ce ba ta son madadin, don ba ya saurin kama tartsatsi.

Akwai wani gari da ake cewa marar hayaƙi, na harsashin zamani. Shi ma baƙi-baƙi ne a ido, kuma sau da yawa kanta ɗaya suke. Nura, ko cokalin shayi kada ya shiga bindigarka. Ƙarfinsa ya fi ƙarfin bututun, fasa shi zai yi a hannunka. Karanta jikin gora sau biyu. Haka maganar haɗa albarushi a gida da wani ya jefo a nan kwanaki, a bar ta.

Nawa za ka zuba? Littafin da ya zo da bindigar shi ne alƙali, akwai iyakar da suka rubuta, kada ka haura. Ni a irin taka daga giren 20 zuwa 25 nake farawa (giren ɗan ƙanƙanin awo ne da ake auna albarushi da shi), in ƙara biyar-biyar ina kallon takardar da nake harbi. Za ka ga inda ramukan suka fi haɗuwa, kuma yawanci can ƙasa da iyakar ne. Ƙarin gari ba ya nufin ƙarin saiti. Gora ɗaya nauyin fam guda ce, giren 7,000, a kan 25 harbi 280 ke nan, ka ga ba tsada. Ka sayi ma'aunin tagulla mai zurewa. Daga gora zuwa ma'auni, ka rufe gora, daga ma'auni zuwa bututu. Kar ka taɓa kafa bakin gora a bakin bindiga. In da sauran garwashi a ciki, abin da ke hannunka gaba ɗaya ne zai tashi.

Hular ƙananan bindigogi lamba biyu aka fi samu a kasuwa, 10 da 11. Irin taka galibi 11 take ci, amma ka gwada, ta zauna daram a kan nonon, wato ɗan tsinin ƙarfe mai rami da ke kai wuta cikin bututu, ba ta faɗuwa, ba sai an tilasta ba. Ita ce ƙarshen abin da ake sawa, sai ka tsaya a layi baki na kallon takarda.

Ranar farko ga yadda za ka yi. Goge man ajiya da busasshen ƙyalle. Fasa hula biyu a banza, bututu babu komai, don ramin nonon ya buɗe. Zura sandar ɗuri ka yi mata alama a daidai baki, alamar babu komai ke nan. Zuba gari, ɗora ƙyalle, ɗora ƙwallo, ka fara tura shi da 'yar gajeriyar sanda, sannan doguwar, har ka ji ya zauna a kan garin. Ya zauna fa, kada a bar sarari tsakani, sararin nan yana kumbura bututu ko ya tsaga shi. Sai ka yi alama ta biyu. Daga ranar sandarka ce za ta riƙa gaya maka abin da ke ciki. Fuskarka kuma kar ta leƙa saman baki lokacin ɗuri. Tabarau da abin toshe kunne dole, hular nan tana tarwatsewa.

In ka ja kunama, hula ta fashe, bindiga ta yi shiru, kada ka juyo kana tambaya. Riƙe ta a saiti minti ɗaya cur, wani lokaci wutar tana tafiya a hankali. Ni nawa abin kunyar, ina hira da wani dattijo Bature na tura ƙwallo ban zuba gari ba. Hula uku na fasa ina zargin hular. Dattijon ya karɓi sandata ya zura, ya nuna min alamar, bai ce uffan ba, ya miƙo min wani ƙarfe mai kama da sukuru da ake murɗawa a jikin dalma a jawo ta. Sayi naka tun yanzu, zai yi maka rana.

Wanki kuma ranar da ka harba, ba gobe ba. Tokar nan tana jan damshi, kwana ɗaya tsatsa ta fara. Kwance nonon, ruwan ɗumi da sabulu kaɗan, ka wanke har ƙyalle ya fito fari, ka busar sarai, ka shafa mai. A waje za ka yi, don warin ruɓaɓɓen ƙwai yake saboda farar wutar da ke ciki. Ka wanke hannu kafin ka ci abinci, dalma guba ce, yara kar su yi wasa da ƙwallayen. Gari da hula a ajiye su daban-daban, a kulle.

Malam Sani, na san za ka ce taka fa. Taka mai juyawa ce, wato revolver mai ramukan ɗuri da yawa, .44, ita ba ta son ƙyalle ko kaɗan. Ƙwallon da ya fi ramin ake sa mata, kamar .454, in ka danna sai ya aske siririn zoben dalma. Wannan sai mun yi murya daban.

Batun doka, a dokar tarayyar Amurka irin waɗannan suna cikin ajin bindigogin da, amma jiha-jiha ce, New Jersey da New York ba kamar Indiana ba ne, kuma kai da kake kan bizar karatu ka tambayi wanda ya san doka kafin ka sa ta a mota. 'Yan uwa da ke gida kuma, kada wanda ya ce in auno masa. Dokar makamai ta Najeriya ta 1959 ta sa ƙaramar bindigar hannu cikin haramtattu, har mai ƙanƙara da mai hula, ajinta daban da doguwar bindigar maharba.

Akwai ƙungiyar masu bindigar ɗuri a wani ɗan ƙauye, Friendship, nan Indiana, tun 1933 aka kafa ta, suna babban taro a watan Yuni da Satumba. In Allah ya kai mu sai mu je tare. Kafin nan, Asabar bayan azahar ina filin harbi. Taho da .490 kwali ɗaya, ƙyalle .015, hula 11, gari kuma kar ka saya tukuna, ina da FFFg. Takarda a yadi 15 za mu fara kafawa, ba 25 ba. Ka sa tsohuwar riga.