Ɗana ya ce shisha ba taba ba ce: ɗaga shekarun sayen taba zai yi wani amfani?

Tambaya: Likita, barka da aiki. Ɗana shekararsa 17. Makon jiya ina shara na tsinci tukunyar shisha a bayan akwatin kayansa. Da na yi masa magana sai ya ce ai wannan ba taba ba ce, ƙamshi ne kawai, kuma ruwan ciki yana tace hayaƙin. Tun ranar barci ya ƙaurace min. Na ji wasu ƙasashe sun mai da shekarun sayen taba 21. Irin wannan dokar tana kare yara kuwa, ko a takarda take ƙarewa?

Amsa: Hajiya, sannu, Allah ya shirya mana zuri'a. Dokar tana aiki, kuma dalilin ba ɓoyayye ba ne. Binciken hukumomin lafiya na Amurka ya nuna kusan tara cikin goma na manyan da ke shan taba kullum sun fara ne kafin su wuce 18. Yaro ɗan 15 ba kasafai yake saye da kansa ba, abokinsa ɗan 18 da suke makaranta ɗaya ne ke miƙo masa. Idan aka kai shekarun 21, an nesanta shi da mai sayo masa, domin ɗan 21 ya bar sahunsu. Ga kuma ƙwaƙwalwa, wadda ba ta gama nuna sai wajen shekara 25, shi ya sa nikotin, sinadarin cikin taba mai sa mutum ya kasa dainawa, ke saurin kama matashi. Yuganda ta sa 21 a dokarta ta 2015, Habasha ta bi a 2019, Amurka ma ta mai da shi dokar ƙasa baki ɗaya a Disambar 2019. Inda ake samun cikas shi ne wajen aiwatarwa: in babu mai tambayar shaidar shekaru, babu mai cin tarar mai sayarwa, to ko 40 aka rubuta aikin banza ne.

Amma abin da ya fi tayar min da hankali a wasiƙarki shi ne maganar ruwan nan. Wallahi na gaji da jin ta. Kusan kullum sai wani matashi ya zauna gabana yana tari, na tambaye shi ko yana shan taba, ya dafe ƙirji ya ce Allah ya kiyaye, shi shisha kawai yake ɗan taɓawa. Abin da ake zubawa a kan tukunyar ganyen taba ne da aka jiƙa da zaƙi da ƙamshi. Ruwan kuma ba ya tace komai na kirki, sanyaya hayaƙin yake yi. Nan ne ma haɗarin yake. Hayaƙin sigari yana ƙona maƙogwaro, mai koyo ya yi tari ya dakata. Na shisha da sanyinsa yake shiga, sai yaro ya zuƙa har ƙasan huhu, ya sake zuƙa, a share awa guda ana hira. Kara ɗaya na sigari minti biyar zuwa bakwai ya ƙare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi tun 2005 cewa a zama ɗaya mai shisha na iya shaƙar yawan hayaƙin da ya kai na sigari 100 ko fiye.

Sannan ga gawayin da ake ɗorawa a sama. Shi ke fitar da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da wari, kuma tana manne wa jini fiye da iskar oksijin da muke shaƙa sau 200 da ɗoriya. Ciwon kai da jirin da suke ji bayan zama, har su ce "ta yi kyau", alamar guba ce. Wasu sumewa suke yi a kwaso su asibiti. Su kuma masu tallar wai shishar ganye marar taba, su ji tsoron Allah: ko babu nikotin, gawayin yana nan, kwaltar hayaƙin tana nan. Haka masu sayar da "maganin wanke huhu" a intanet. Huhu ba tukunya ba ne da za a sa soso a dirje. Abin da ke ba shi damar farfaɗowa shi ne a daina.

Game da ɗanki, kada ki fara da duka ko tona masa asiri gaban ƙannensa, zai koma sha a ɓoye ne. Ki zaunar da shi ku biyu, ki tambaye shi yaushe ya fara, sau nawa a mako, wa ke sayo masa, kuma ko yana jin ƙunci da saurin fushi idan ya kwana biyu bai sha ba. In amsar ta ƙarshe e ce, nikotin ya fara kama shi, ki kai shi ya ga likita. Ki tafi da tukunyar ma, a buɗe masa tiyon ya ga baƙin da ya taru a ciki da idonsa.