An koro min 'ya saboda kuɗin PTA, me doka ta ce?

Tambaya: Assalamu alaikum Barista. Ina da yara biyu a makarantun gwamnati a cikin gari, mace a aji biyu na ƙaramar sakandare, namiji a aji huɗu na firamare. Makon jiya aka koro min yarinyar, wai sai ta kawo kuɗin PTA da na jarrabawa. Da na je wajen firinsifal, sai ya ce in ba zan iya ba in kai ta makarantar kuɗi. Shi kuwa yaron a ƙasa suke zama, kuma tun farkon zangon nan ba su da malamin lissafi. Mu iyaye kusan goma ne abin ya dame mu. Muna da wata madafa a doka?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Kuna da madafa, amma koken naki iri biyu ne, kuma ƙarfinsu ba ɗaya ba ne.

Na korar yarinyar shi ne mai ƙarfi. Dokar ilimin bai ɗaya ta 2004, wadda aka fi sani da dokar UBE, ta ce a sashe na 2 wajibi ne kowace gwamnati a Najeriya ta ba kowane yaro ilimi kyauta, shekara 6 ta firamare da 3 ta ƙaramar sakandare. Sashe na 3 ya ce ba a karɓar kuɗi a kan hidimar waɗannan makarantu, kuma wanda ya karɓa ya yi laifin da hukuncinsa tarar da ba ta wuce naira 10,000 ba, ko ɗaurin wata 3, ko duka biyun. Tarar ta yi kaɗan a yau, na sani, amma ba ma'aikacin da ke son sunansa ya shiga takardar laifi. Jihohi kuma sun yi nasu dokokin da suka kafa hukumomin ilimin bai ɗaya na jiha, wato SUBEB, a kan wannan turba. 'Yarki tana cikin shekaru taran nan. Da a babbar sakandare take, da maganar ta sauya, domin dokar ba ta kai can ba.

Za a ce miki ai kuɗin PTA iyaye ne da kansu suka yanka. Haka ne, kuma ban ga laifi ba idan iyaye suka haɗa hannu don gyara ban ɗaki ko sayen alli. Sai dai gudummawa ce, kuma yarjejeniyar iyaye ba ta soke doka. Ranar da aka tsayar da yarinya a bakin ƙofa da jakarta, aka ce ta juya gida saboda ba ta biya ba, ya tashi daga gudummawa ya zama kuɗin makaranta, ko da wane suna aka kira shi. Wannan abin yana yi mini ciwo, domin kusan kullum 'ya mace ce ke fara zama a gida, kuma mako ɗaya kan zama zango guda.

Kada ki bar ta a gida kina jiran a sasanta. Dokar ta ɗora wa iyaye ma nauyin tabbatar da cewa yaro yana zuwa makaranta. Ki kai ta da kanki, riƙe da takarda gajera mai ɗauke da sunanta, ajinta, ranar da aka koro ta, da abin da aka nema. Ki yi kwafi biyu, ki nemi a sa hannu da kwanan wata a kan naki. Duk wani rasit da kika taɓa karɓa ki adana shi. Idan kuma ana karɓar kuɗi ba rasit, ki rubuta hakan a takardar. In aka ƙi, sai ku wuce ofishin sakataren ilimi na ƙaramar hukuma, daga nan SUBEB ko ma'aikatar ilimi, gwargwadon wadda makarantar ke ƙarƙashinta. Ku goman nan ku sa hannu tare. Takardar mutum ɗaya ana iya cewa rigimarsa ce, ta mutum goma kuwa sai an buɗe mata fayil.

Maganar kujeru da malami ta fi wuya, kuma ba zan ɓoye miki ba. Sashe na 18 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya yi maganar ilimi kyauta, amma yana cikin Babi na Biyu, wanda sashe na 6(6)(c) ya hana kotu tilasta shi kai tsaye. Da wannan gwamnatoci suka daɗe suna kare kansu. A 2010 Kotun ECOWAS, a ƙarar da ƙungiyar SERAP ta shigar, ta tabbatar cewa ilimi haƙƙi ne da ake iya nema a gabanta. A 2017 kuma Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja, a ƙarar ƙungiyar LEDAP, ta yanke cewa tunda an yi dokar UBE, ilimin matakin farko kyauta ya zama haƙƙin da kotu za ta iya tilastawa. Dokar kanta ta lissafa littattafai da ajujuwa da kujeru cikin abubuwan da ake bayarwa kyauta. To amma samun hukunci daban, ganin benci a ajin ɗanki daban, kuma shari'a na iya cin shekaru har yaron ya gama firamare.

Shi ya sa nake ganin ku fara da kwamitin kula da makaranta, wato SBMC, wanda iyaye ke da kujera a ciki. Hedimasta ba shi ke ɗaukar malamai ba, sau da yawa shi ma ya gaji da rubuta buƙata, don haka ku jawo shi jikinku. Ku ƙirga yaran ajin, ku ƙirga bencin, ku rubuta ranar da aka daina darasin lissafi. Ku ɗauki hoton ajin bayan an tashi, kada fuskar yaran mutane ta shiga. Ku kuma tambayi SUBEB a rubuce abin da aka ware wa makarantar, domin doka ta keɓe wa shirin UBE aƙalla kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya, kuma jiha ba ta ɗaukar kasonta na gine-gine sai ta zuba nata rabin.

Idan aka yi shiru, Hukumar Karɓar Ƙorafe-ƙorafen Jama'a da Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa duk suna karɓar irin wannan koke ba tare da kuɗi ba. In kuwa kun yanke shawarar zuwa kotu, kada ku ja lokaci, domin akwai dokar kare jami'an gwamnati da ke iya rufe ƙofar ƙara bayan wata 3 da faruwar abu. Ku ga lauya da wuri, da kwafin takardunku da rasit ɗinku a hannu, ya duba dokar jiharku kafin a shigar da komai.