Filin Tambaya: Kili Nake So, Da Me Zan Fara?

Tambaya: Baba, barka da aiki. Na daɗe ina tara kuɗin doki, kuma tun ina yaro kili, wato farin doki, nake so. An nuna mini guda biyu: wani kili mai shekara 3 da ba a gama horarwa ba, da wani bikili, wato jan doki mai baƙar geza, mai shekara 11. Ban taɓa riƙe doki ba. Wanne zan ɗauka, kuma wane kaya zan fara saya?

Amsa: Ɗana, ɗauki bikilin. Na san ba abin da kake son ji ba ke nan, amma sabon mahayi da ɗanyen doki ba sa koya wa juna komai sai tsoro. Mai shekara 11 yana tsakiyar ƙarfinsa, domin doki kan kai 25 har 30 idan ya samu kulawa.

Batun launi kuwa, ni ma ina da nawa son zuciyar, akawal ne ke tafiya da hankalina, baƙi wuluk yana sheƙi. Amma da akawal, da gunya, da danda mai dabbare-dabbare, duk gashi ne. Kilin ma da kake gani, yawancinsu ba farare aka haife su ba. Duƙushi ne mai duhu, yana girma yana furfura har ya yi fari fat. Ka buɗe gashinsa da yatsa, za ka tarar fatar baƙa ce. Irinsu sun fi saurin fitar da ƙari idan sun tsufa, musamman a ƙarƙashin wutsiya, don haka akan ɗaga a duba.

Abin da nake so ka duba shi ne ƙafa. Ka ɗaga kofato huɗun ɗaya bayan ɗaya, ka kankare, ka sunsuna. In ka ji wari, ka ga baƙin ruwa a tsagin tsakiya, dokin ya daɗe tsaye cikin danshi. Kankarewar nan aikinka ce ta kullum, gyaran kofato kuma duk sati 6 zuwa 8.

Sai ciki, inda na fi jin tsoro. Dokina na farko na kusa kashe shi da ƙauna: na cika masa hatsi, na ƙyale ciyawa. Cikin dare na same shi yana tonon ƙasa, yana waiwayen cikinsa, gumi sharkaf, yana neman birgima. Doki ba ya amai, tumbinsa kuma ƙarami ne, abin da ya shiga sai ya wuce. Likitan dabbobi ne ya cece shi. Ciyawa ko ingirici su ne abincinsa na asali, kusan kashi 2 cikin 100 na nauyinsa a rana, wato wajen kilo 8 ga doki mai kilo 400. Hatsi ƙari ne, kaɗan-kaɗan. Ruwa lita 25 zuwa 45, ya fi haka a zafi. In za ka canja masa abinci, ka ɗauki kwana 7 zuwa 10 kana gauraya sabo da tsoho.

Kaya kuma, fara da ragama, igiya, buroshi da bokiti. Linzami ka nemi mai sauƙi, hannunka bai koyi laushi ba tukuna, mai kaifi zai fasa masa baki. Sirdi kada ka saya sai an ɗora a bayan dokin: yatsu 2 ko 3 su shiga tsakanin gabansa da ƙashin kafaɗa. Majayi, wato abin ɗaure sirdi ta ƙarƙashin ciki, a ja shi a hankali, a sake dubawa bayan ɗan tafiya. Kai kuma hular kwano da takalmi mai dunduniya, don kada ƙafarka ta zurma cikin likkafa.

Ranar da za ka je ganin bikilin, ka shafa gadon bayansa. In ka ga tabon farin gashi a wurin zaman sirdi, tsohon miki ne. Ka danna wurin da yatsa ka ga ko zai noƙe.