Amsa ga ƙanenmu na Madina: ka fara gwada rubutun Larabci kafin ka zaɓa

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ƙanena, tun bayan la'asar na ga tambayarka, na bari sai na taso daga aiki don in samu natsuwar ba ka amsa. Ka ce kana karatu a Jami'ar Musulunci ta Madina, ka yi wata biyar kana koyon Python, yaren rubuta manhaja, da kanka, yanzu kana son ka yi wa yayanka 'yar manhaja mai tagogi da maɓallai don lissafin kayan shagonsa, wadda za ta yi aiki a kwamfutarsa mai Windows da taka mai Ubuntu, wato wani nau'in Linux. Sai dai sunayen kayan gina fuskar manhaja sun yi maka yawa, Tkinter da Qt da Kivy da Flutter da Electron, ka rasa wanda za ka kama. Bari in fara da abin da ya same ni, don a cikinsa amsarka take.

Aikin farko da na yi wa wani a nan Jidda na wani dattijo ne ɗan garinmu, mai ofishin kago, yana aika kayan alhazai da 'yan umara zuwa Kano. A littafi yake rubuta komai: sunan mai kaya, lambar waya, kilo nawa, riyal nawa aka biya, saura nawa. Idan alhazai suka fara haramar komawa gida, kwalayen dabino da ɗaurin dardumai sukan cika ofis har bakin ƙofa, ga mutum goma kowa na neman a duba masa nasa. Na ce zan sauƙaƙa masa. Na ɗauki Tkinter, saboda tare da Python yake zuwa, a Windows ba sai ka sauke komai ba. Cikin kwana goma na gama, na gwada da sunaye a rubutun boko, komai lafiya lau.

Abin da ban lura da shi ba shi ne, direbobi da ma'aikatan sito da ke karɓar kayan Larabci suke karantawa, shi kansa Alhaji hannunsa ya fi faɗawa a Larabci, don ɗan makarantar allo ne. A kwamfutata mai Windows rubutun ya fito ba laifi, ban damu ba. Ranar da na kai manhajar ofis, na ɗora ta a tsohuwar kwamfutarsu da na sa wa Linux saboda ba ta da ƙarfi, Alhaji ya gyara zama, ya sa tabarau, ya rubuta Muhammad. Sai ga mim da ha da mim da dal kowanne ya tsaya shi kaɗai, ba mai riƙe da ɗan'uwansa, kuma sun jeru daga hagu zuwa dama. Ya daɗe yana kallon allon, sannan ya ce, "Ɗana, wannan ai ba ya karantuwa." Bai yi faɗa ba, ya dai jawo littafinsa ya ci gaba da rubutu. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, domin mutumin ya yarda da ni.

Ga dalilin, kuma ina son ka fahimce shi sosai, don duk wanda ke rubuta manhaja a ƙasar nan sai ya haɗu da shi. Rubutun Larabci yana buƙatar aiki biyu kafin ya fito daidai a allo. Na farko, harafi yana canza siffa gwargwadon inda ya zo, farkon kalma ko tsakiya ko ƙarshe ko shi kaɗai, dole a samu abin da zai zaɓi siffar da ta dace ya haɗa su. Na biyu, kalmomi na tafiya daga dama zuwa hagu, amma lambobi da kalmomin boko da ke tsakaninsu suna tafiya daga hagu zuwa dama, dole a samu mai raba wannan. Tk, wanda Tkinter ke hawa kansa, tsohon abu ne mai aminci da John Ousterhout ya fitar tun 1991, amma ba ya yin wannan aikin da kansa. A Windows tsarin kwamfutar ne ke rufa masa asiri, a Linux kuwa ba mai rufa masa. Akwai dabarar da mutane ke yi da wasu ƙarin kayan Python biyu, arabic-reshaper da python-bidi, su gyara rubutun kafin a nuna shi. Na bi wannan hanyar na sati uku. Tana yi idan nuna rubutu kawai za ka yi, amma akwatin da mutum zai shigar da suna yana nan da matsalarsa. Kuma idan ka yi kuskuren ajiye gyararren rubutun a rumbun bayanai, gobe ka nemi sunan ba za ka same shi ba, domin a wajen kwamfuta haruffan sun zama wasu daban.

Daga nan na koma Qt ta hanyar PySide6, wato abin da ke ba ka damar amfani da Qt daga cikin Python, kuma shi nake ba ka shawara a kan aikin da ka bayyana. Wasu mutum biyu 'yan ƙasar Nowe ne suka fara Qt, ya fito a 1995, Nokia ta sayi kamfaninsu a 2008, Qt na shida kuma ya fito a Disamban 2020. VLC da kake kallon bidiyo da shi, da Telegram na kwamfuta, da OBS da ake yaɗa karatu kai tsaye da shi, duk da Qt aka yi fuskokinsu. Shi da kansa yake haɗa haruffa, yana amfani da wani abu mai suna HarfBuzz, don haka abin da ka gani a Ubuntu shi yayanka zai gani a Windows. Kuma da layi ɗaya na setLayoutDirection tagar gaba ɗaya za ta juya, maɓallai su koma dama, ginshiƙin farko na tebur ya fara daga dama, kamar yadda Balarabe ya saba gani. Ranar da na koma wa Alhaji da sabuwar, ya rubuta sunan nan dai, ya fito a haɗe, ya ce in nuna masa inda ake sa kilo.

Za ka ga suna biyu, PyQt da PySide, kada su ruɗa ka. Kusan abu ɗaya ne, wanda ya iya wannan ya iya wancan, bambancin a lasisi yake. PyQt na kamfanin Riverbank ne na Ingila, ko dai ka saki manhajarka a ƙarƙashin GPL, wato ka buɗe wa mutane rubutunta, ko ka sayi lasisi. PySide kuwa na kamfanin Qt ne da kansa, lasisinsa LGPL, ya fi sassauci ga wanda wata rana zai so ya sayar da aikinsa. Tun da yanzu za ka fara, ka fara da PySide6. Yana zuwa da Qt Designer, inda za ka jawo maɓalli da akwati da linzami ka ajiye inda kake so. Amma ba zan ɓoye maka ba, Qt na da faɗi, satin farko za ka ji kanka ya ɗau zafi, musamman in ba ka riƙe darasin class da object na Python da kyau ba. Ka koma ka maimaita wannan darasin tukuna.

Duk da abin da ya same ni, ban ce ka tsallake Tkinter ba. Ka ba shi sati ɗaya. Da shi za ka gane cewa manhaja mai taga ba daga sama zuwa ƙasa take gudu ta ƙare ba, zama take tana jira a danna wani abu ta amsa. Da shi kuma za ka ga yadda taga ke sanƙarewa idan ka ɗora wa maɓalli aiki mai jan lokaci. A Ubuntu sai ka sauke python3-tk daban.

Sauran kuwa, Electron shi ne abin da aka yi VS Code, manhajar rubuta manhajoji, da shi, yana nuna Larabci da kyau saboda Chromium, tushen burauzar Chrome, ne a cikinsa, amma sai ka koyi JavaScript da HTML da CSS, kuma ko 'yar ƙaramar manhaja ce tana ɗauke da burauza sukutum, tsohuwar kwamfutar shago za ta ji jiki. wxPython da GTK abubuwa ne masu kyau, sai dai GTK ɗora shi a Windows na ba sabon shiga wahala. Kivy don allon taɓawa aka yi shi, kuma shi ma Larabci sai ka yi masa dabara. Flutter na Google ne kaɗai zan ce ka tsaya ka yi tunani a kansa, da sharaɗi ɗaya: ka je ka zauna a shagon yayanka na yini guda ka ga da me yake aiki. 'Yan kasuwarmu da yawa a nan komai nasu a waya yake, kwamfutar na ajiye ƙarƙashin kanta. In shi ma haka yake, to manhajar waya yake buƙata, Flutter ya fi dacewa, amma sai ka koyi wani yaren, Dart. In kuwa da gaske a kwamfuta zai yi, kada ka bar Python ɗin da ka sha wahalar koya.

Kowanne ka ɗauka, ka raba lissafi da fuska. Ni a karon farko duk lissafin kilo da kuɗi a cikin aikin maɓallai na cusa shi, da na zo canzawa sai da na sake rubuta kusan komai, wata biyu cur. Ka yi fayil ɗaya na lissafi da ajiya a SQLite, ɗan rumbun bayanai wanda shi ma tare da Python yake zuwa, fayil ɗin da bai san akwai taga ba ma. Ka yi wani daban na fuska da zai riƙa kiransa. Duk ranar da ka so canza fuskar, lissafinka na nan.

Duk fayil ɗin da za ka buɗe ka rubuta masa encoding="utf-8" da hannunka. A Windows ɗin da aka saita da Larabci, Python kan ɗauki tsohon tsarin haruffa na cp1256, wanda ba shi da ƙ da ɗ da ɓ namu, sunan Ɗanladi ko Ƙasimu kaɗai ya isa ya tsayar da manhajar. Idan kuma ka zo haɗa ta ta zama fayil ɗin da yayanka zai danna ya buɗe, PyInstaller, abin da ake haɗa irin wannan fayil da shi, ba ya haɗa na Windows daga Ubuntu, dole ka yi shi a kan Windows. Wani lokacin manhajar kariya daga cutar kwamfuta kan kama fayil ɗin alhali ba komai a ciki, ka sanar da yayanka tun da wuri kada hankalinsa ya tashi. Ka gwada a kwamfutar da ba ta da Python sam kafin ka miƙa.

Sai abu biyu na ƙasar nan. Kalandar Hijira da ke cikin Qt ta lissafi ce kawai, takan saɓa da Ummul Ƙura, kalandar hukuma ta Saudiyya, da kwana ɗaya ko biyu, don haka ka yi amfani da wani ƙarin kayan Python mai suna hijridate, shi Ummul Ƙura yake bi. Sannan in shagon yana da rajistar harajin nan na VAT na kashi 15, kada ka yi masa manhajar fitar da fatura, wato takardar shaidar ciniki, ga masu saye. Tun 4 ga Disamban 2021 hukumar zakka da haraji da kwastam ta wajabta fatura ta lantarki mai sharuɗɗanta, har da lambar QR a kan rasit ɗin mai saye. Taka ta tsaya a lissafin kayan da suka shigo da waɗanda suka fita da bashin da ake bin mutane, kada ka jawo wa yayanka tara garin taimako.

Daren nan ka yi wannan gwajin: taga ɗaya, akwatin rubutu ɗaya, maɓalli ɗaya da zai ajiye abin da aka rubuta ya sake nuna shi. Ka yi ta da Tkinter, ka sake yi da PySide6. A kowacce ka rubuta suna da Larabci, ka bi shi da lambar waya, ka ƙara da kalmar "ƙwarƙwara" ko "ɗanɗano", ka goge harafi a tsakiyar sunan ka gani ko sandar rubutu na tsayawa inda ya kamata. Ka buɗe su a kwamfutarka da ta yayanka, ka turo mini hoton allon duka huɗun. Ka kuma duba mini wace irin firinta ce a shagon, in ta rasit ce mai faɗin milimita 80 akwai abin da zan nuna maka a kanta. Allah ya ba da sa'a, ya sa albarka a karatun.