Amsa ga ɗan'uwanmu mai tafiya koyar da Turanci a Japan

Wa alaikumus salam. Malam, ka ce wani kamfani ya ɗauke ka koyar da Turanci a makarantun Japan, za ka tashi ƙarshen Maris, kuma kana so ka san ko horon da ake yi wa sababbin malamai irin sansanin bautar ƙasa ne. Allah ya sanya alheri. Ni daga nan Gombe na tafi, na yi shekara uku a can, kuma a Wailo ta jihar Bauchi na yi sansanina na bautar ƙasa, saboda haka na ɗanɗana duka biyun.

Babu fareti, babu soja mai busa ƙaho da asuba, babu kasuwar mami. Mu a otal aka ajiye mu kwana biyar, kullum cikin kwat da nektai. Amma wallahi na fi gajiya a can. Japan tana gaban Najeriya da awa 8, don haka da rana tsaka barci zai riƙa fizgarka ana tsakiyar bayani, da dare kuma idonka biyu kana ta kiran gida. An ce a fara ƙarfe 9, ranar farko na shiga saura minti biyu ina ganin na yi bajinta. Na tarar kowa a zaune. Da aka fita shan shayi mai horar da mu ya ja ni gefe, cikin murmushi, ya ce a makaranta wanda ya zo a kan lokaci ya makara. Ka ɗauka cewa tun daga wannan makon ake auna ka.

Darussan kansu ba su da wuya. Za a koya maka gaisuwa, gabatar da kai, cire takalmin waje a sa na ciki a ƙofar makaranta, sannan ka yi darasin gwaji a gaban 'yan'uwanka. Darasin firamare minti 45 ne, na ƙaramar sakandare minti 50, kuma kai mataimaki ne, malamin ajin ɗan ƙasa shi ke da aji. Wanda ya saba riƙe aji shi kaɗai da bulala a hannu, a nan zai sha wahala. Ka rage saurin magana, ka ajiye manyan kalmomi. Batun sunkuyawa wajen gaisuwa kuwa, ni kai kawai nake ɗan duƙarwa, ban taɓa kaiwa ruku'u ba, ba kuma wanda ya taɓa tanka mini.

Abin da jadawalinsu bai tanadar maka ba shi ne cikinka da sallarka, kuma nan ne na yi kuskure. Kunya ta hana ni magana, na yi kwana biyu daga ayaba sai dafaffen ƙwai. Naman alade yana ɓuya a inda ba ka zato: a romon taliya, a cikin burodi, har a miyar da ka ga ganye ne zalla. Ka koyi harafinsu na alade da na giya tun kafin ka hau jirgi. Kantuna irin 7-Eleven da Lawson galibinsu ba sa rufewa, akwai dunƙulen shinkafa da kifi, shi ya riƙe ni, amma shi ma ka duba bayan leda. A yawancin makarantun gwamnati malami tare da yara yake cin abincin rana, to tun a wajen horon ka faɗa musu ba ka cin alade, su sanar da makarantar za ka riƙa zuwa da naka. Sanar da su a makon farko bayani ne, sanar da su bayan wata biyu ya zama ƙorafi. Haka batun wurin sallar azahar da Juma'a, domin Juma'a ranar aiki ce. Idan a Tokiyo aka sauke ku akwai babban masallacin Turkawa a unguwar Yoyogi-Uehara, amma ƙauyen da aka tura ni sai na yi tafiyar awa biyu a jirgin ƙasa kafin in ga masallaci. Kada kuma ka tashi ka fuskanci gabas yadda muka saba. Alƙibla a can tana yamma ne, ta ɗan karkata arewa.

Ka ɗauki yaji, kuka da busasshiyar kuɓewa, ka nuna su a kwastan. Kilishi da dambun nama ka bar wa yara a gida, an hana shiga da nama, kuma karnuka ne ke shinshina jaka.

A filin jirgi za a ba ka katin zama, kada ya bar aljihunka. Da ka kama ɗaki kana da kwana 14 ka yi rajistar adireshi a ofishin gari, sai asusun banki da layin waya. Ka tambaye su ƙarara ranar da albashin farko zai shigo. Mu mun fara aiki a Afrilu, ba mu ga ko sisi ba sai ƙarshen Mayu, ga kuɗin ɗaki, ga mutanen gida sun fara aiko saƙo tun ina otal. Ka shaida wa iyali wannan kafin ka bar Gombe, ka kuma riƙo guzurin wata biyu da rigar sanyi mai kauri, don ƙarshen Maris ɗinsu ya fi hunturunmu cizo.