MP3, AAC ko Opus: Wanne ya fi riƙe sauti idan an matse fayil?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da tarin laccoci da waƙoƙi da nake son matsewa don su rage cin wuri. Da na mayar da su MP3 a 48 kbps (ma'aunin yawan bayanan sautin da ake adanawa a kowace daƙiƙa), sai muryar ta koma kamar ana magana a cikin ruwa. Mene ne mafita?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, ka ɗora wa MP3 kayan da ya fi ƙarfinsa. Tun 1993 aka tsara shi, kuma a wajen 128 kbps zuwa sama yake sakewa. Idan aka rage masa, sai ya yanke siraran sautuka na sama, harafin "s" ya riƙa dagulewa, tafi kuma ya cakuɗe, har ka ji ɗan shuu kafin bugun ganga ya iso.

HE-AAC, wani nau'in AAC, yana da dabara: yana adana ƙasan sautin sosai, na saman kuma ya sake gina shi daga na ƙasan lokacin sauraro. Shi ya sa yake da daɗin ji a 48 zuwa 64 kbps, ko da yake kunne mai kaifi kan ji ƙarar ƙarfe-ƙarfe a saman.

Mu dai Opus muka fi so. An tabbatar da tsarinsa a 2012, ya haɗa hanyoyin matsewa biyu, SILK na magana da CELT na kiɗa, kuma shi ne ke ɗaukar saƙon murya na WhatsApp. Ga lacca, ka mayar da ita layi ɗaya, wato mono, ka sa 24 ko 32 kbps. Awa ɗaya a 32 kbps ba za ta wuce megabait 15 ba. Ga waƙa, fara da 64, in da wuri ka kai 96. Matsalar Opus guda ce: tsofaffin rediyoyin mota da yawa ba sa buɗe shi.

Ka gwada da kunnenka. Yanko daƙiƙa 15 mai wahala, kamar inda ake tafi, daga ainihin fayil na WAV ko FLAC, waɗanda ba sa rage ingancin sauti, sai ka matse yankin. Kada ka matse abin da aka riga aka matse, domin ɓarna kan ɓarna ce. Daidaita ƙarfin sautin na asali da na wanda ka matse, saboda kunne kan ɗauki mai ƙara a matsayin mai kyau. Sai ka yi gwajin da ake kira ABX a manhajar sauraron sauti ta foobar2000, inda za ka riƙa zaɓa tsakanin na asali da wanda ka matse ba ka san wanne ne wanne ba. In ka dace sau 12 cikin 16, bambancin na gaske ne, sai ka ƙara kbps ɗin.